Jikan Majemi da Fatar Kurege

A Damagaram fiɗa ba baƙuwar kowa ba ce. Ranar Layya, kafin rana ta take tsaka, kowace ƙofar gida ta koma mahauta, kuma yaron da bai cika shekara goma ba ya san inda ake riƙe ƙafar rago domin babba ya ja fata. To amma a ce ɗan lakkol mai hankalinsa ya zauna ya feɗe kurege ko ɓera, ba don nama ba, ba don magani ba, sai don ya cusa wa fatar kaɗa ya ajiye ta cikin akwati, wannan kam a idon jama'a ya yi kusa da taɓin hankali. Mai karatu, ga labarin wani da ya yi hakan, da abin da ya tsinta a ciki wanda bai fita nemansa ba.

A shekarar 2006 yana ajin farko na lise. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, mai rumfar shadda da atamfa a Kasuwar Dole, mutum mai son tsabta da turare, wanda ya sa ɗansa lakkol da buri guda: ya fito likita, ko kuwa babban ma'aikaci mai biro da mota. Mahaifiyarsa kuwa ƴar majema ce, ubanta da kakanta duk da jima suka ci suka sha. Wannan rabin asalin yaron ba ya faɗinsa a lakkol. In an tambaye shi sana'ar gidansu sai ya ce fatauci, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya san irin ba'ar da ake yi wa ƴaƴan majema, waɗanda akan ce ko sun yi wanka da sabulu bakwai warin kwatarniya yana biye da su.

Malaminsu na kimiyyar halittu, wanda suke kira Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakkol, mutum ne da ba ya yarda a tsaya ga zanen allo. A kusurwar ɗakin gwaje-gwaje akwai wani tsohon akwatin gilashi, cikinsa da mujiya da bushiya da zomo, waɗanda wani ya feɗe ya cusa tun zamanin da ba wanda ya tuna. Asu ya cinye gashin zomon, kunnensa ɗaya ya faɗi, mujiyar kuma ido ɗaya ya rage mata. Wata rana Mushe ya zo da wani littafin Faransanci da ya sha jiki, irin wanda akan rubuta wa matafiya masu tattara dabbobi, ya ce nan da ƴan shekaru akwatin nan zai zama ƙura, ko akwai wanda zai gwada ya sabunta shi? Yaron ya ɗaga hannu tun kafin a rufe baki. Yana son Mushe ya san da shi, kuma a lokacin ya yi imani cewa duk abin da aka rubuta da Faransanci, wanda ya iya karantawa ya iya aikatawa.

Ya sayi kurege dala arba'in wurin yaran da ke farauta a duwatsun bayan Birni. Sun kashe shi tun da hantsi, shi kuwa bai samu zama ba sai bayan la'asar, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke narkar da kitse a inuwa. Ya ɓuya bayan ɗakin girki da sabuwar reza da littafin a buɗe bisa gwiwa. Yankan farko ya danna hannu, rezar ta wuce fata ta fasa ciki, abin da ke cikin hanji ya malalo ya ɓata gashi. Ya ja wutsiya da ƙarfi, ta tsinke ta bar masa rabi a hannu. Da ya zo kai, ya yanke fatar ido har ramin ya yi faɗin ƙwandala. Abin da ya rage ya shanya bisa katanga cikin rana, yana zaton rana ce maganin ɗoyi. Kwana biyu fatar ta ƙandare kamar ganda, gashin kuma yana zuba da an taɓa shi.

Mahaifiyarsa ce ta gano inda warin yake fitowa. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce: «Kai wannan, zo ka kwashe ƙazantarka kafin maigidan ya dawo.» Amma maigidan ya riga ya ji. Da dare ya kira shi zaure, ya ce: «Kai yaro, kuɗin da nake kashewa na littafi da tufafi, ashe na koyon fiɗar ɓera ne? In wari kake so, ai ba sai an biya ba.» Bai ambaci majema ba, domin mutum ba ya taɓa surukinsa da baki, amma yaron ya fahimci inda maganar ta dosa. A lakkol ma labari ya riga shi isa. Ƴan aji suka samu abin wasa da harshe, suna cewa Mushe ya aiki yaronsa neman mushe.

Mahaifiyar ce dai, bayan kwana uku, ta ce da shi tana tankaɗe ba tare da ta dube shi ba: «Abin da kake nema a takarda yana hannun tsohon da ka daina gaidawa.»

Rabonsa da majema tun yana firamare. Ya tarar da ita yadda ya bar ta. Ga kwatarniyoyi jere a ƙasa, wasu da ruwan toka inda ake jiƙa fata har gashi ya saki, wasu da jiƙon kashin kaji ko ganyen fataka mai laushe ta, wasu kuma da ruwan bagaruwa wanda shi ne ainihin jima, shi ke hana fata ruɓewa har abada. Ga masu kankara sun sunkuya bisa gungume, ga fatun awaki da aka rina ja da karan dafi an shanya, suna jiran dukawa. Kakan nasa yana zaune bisa buzu, hannuwansa sun rine sun yi baƙi har wuyan hannu. Da ya hango shi sai ya yi dariya, ya ce: «A'a, yau abokina ne a gari? Ko Faransa ta kore ka?»

Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya fito da busasshiyar fatar daga leda. Tsohon ya juya ta sau biyu, ya shinshina, ya ce: «Wannan ba fiɗa aka yi masa ba, faɗa aka yi da shi. Gobe ka zo da wani, da ransa, kafin rana ta fito. Kada ka zo mini da wanda ya kwana, kada kuma ka tsinto wanda ba ka san abin da ya kashe shi ba.»

A nan littafi da tsoho suka fara saɓawa. Littafin ya ce a kashe dabba ba tare da an huda fata ba. Tsohon ya ce shi ba ya sa hannu a mushe alhali ga wuƙa, domin a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, fatar mushe ko an jeme ta ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Saboda haka ya yi bisimilla ya yanka kuregen, yanka ɗan ƙarami daidai abin da zai halatta nama, ya ce wurin zai ɗinku daga ciki har ba mai gani. Naman ya ba almajiran da ke ɗebo masa ruwa. Sa'an nan yaron ya fito da abin awo daga jakarsa, domin Mushe ya gargaɗe shi cewa kafin wuƙa ta taɓa dabba sai an ɗauki awo huɗu: tsawon kai da jiki, tsawon wutsiya, tsawon tafin ƙafar baya, da tsawon kunne, duk da milimita, a kuma rubuta namiji ne ko mace. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce shekararsa sittin yana fiɗa, bai taɓa ganin telan da ya auna kunnen kurege ba. Duk da haka ya riƙe masa ƙafar har ya gama rubutu.

Daga nan aikin ya koma hannun mai shi. Ya kwantar da kuregen rigingine, ya hura gashin ciki ya rabu biyu, ya ɗaga fatar da yatsa biyu, ya sa reza bakinta yana duban sama, ya tsaga daga ƙarƙashin ƙashin ƙirji zuwa kusa da dubura, tsawon da bai wuce faɗin yatsa huɗu ba. Ya nuna wa yaron wata fata ta biyu, siririya mai sheƙi, wadda ta riƙe kayan ciki. Ya ce: «Ka ga wannan? Ita ka fasa rannan. Muddin ba ka taɓa ta ba, babu wari, babu jini.» Ya barbaɗa dusar gero a cikin tsagar domin ta shanye danshi, ya ajiye rezar gefe. Sauran aikin da babban yatsa ya yi shi, yana tura shi sannu tsakanin fata da tsoka. Ya turo gwiwar ƙafar baya ta ciki har ta leƙo, ya datse ta a gaɓa, ya kankare naman da ke jikin ƙashin da ya rage a fata. Ya yi wa ɗaya ƙafar haka, ya yanke ƙarshen hanji daidai bakin dubura.

Wutsiya, wadda ta kunyata yaron, da karan gero tsohon ya fitar da ita. Ya tsaga ɗan guntun kara, ya matse gindin ƙashin wutsiyar a tsakani, ya riƙe karan da hannu ɗaya, ya ja ƙashin da ɗaya hannun a hankali, sai ga shi ya zare kamar takobi daga kube, fatar ta zauna lafiya da gashinta. Sa'an nan ya juya fatar baibai, yana jan ta zuwa kai kamar mai tuɓe wa yaro riga. Ƙafafun gaba ya datse su a gaɓa kamar na baya. Da ya iso kai sai ya rage sauri. Kunnuwa ya yanke su manne da ƙoƙon kai. A ido ya ja fatar har wani siririn yaɗi ya bayyana, ya yanka shi ta gefen ƙashi domin fatar ido ta fita cikakkiya. Leɓe ya bi shi ta gindin haƙora, ya ƙare da gurunguntsin hanci. Kafin rana ta haura katanga, ga fatar kurege a tafin hannunsa, an feɗe shi har wutsiya, babu huda ko ɗaya sai wadda aka yi da niyya.

Tsohon bai taɓa jin sunan wannan sana'a ta Turawa ba. Hannunsa ya saba ne da ƙananan dabbobi tun yana saurayi, lokacin da maharba da ƴan tauri ke kawo fatar tunku da ta yanyawa da ta muzurun daji a yi musu jaka ko a rufe laya. Ya kuma san bambancin fatar da za a cire wa gashi da wadda za a bar wa gashinta, kamar buzun salla. Don haka ya ce wannan ba za ta ga toka ba. Bagaruwa ma ya hana, da ya ji cewa launin gashin ake so ya zauna yadda Allah ya halicce shi, domin bagaruwa tana rina abin da ta taɓa. Ya kankare kitse sarai, yana cewa kitse ne ke kiran ƙwari, shi ne kuma ke ƙona fata daga baya. Ya daka gishiri da alif ya shafe cikin fatar. Littafin Mushe ya ambaci wani sabulu mai gubar arsenik, wanda wani mai haɗa magani na garin Metz a Faransa, Jean-Baptiste Bécoeur, ya ƙago a ƙarni na 18, kuma gidajen tarihi suka daɗe suna aiki da shi kafin su koma ga garin boraks. Wannan ne dalilin da ya sa ba a taɓa tsofaffin dabbobin akwati da hannu tsirara a kuma kai hannun baki.

Cusawa kuwa tare suka yi ta, yaro yana karantawa yana fassarawa, tsoho yana gyarawa. Suka naɗe kaɗa daidai girman jikin da aka cire, suka naɗa wata a jikin siririyar waya suka zura cikin wutsiya. Tsohon ya ɗinke cikin da wuyan da irin ɗinkin dukawa, wanda allura ke shiga ta ciki zare ya ɓuya a gashi. Suka kwantar da kuregen rubda ciki bisa katako, ƙafafun gaba sun miƙe gaba, na baya sun miƙe baya, suka kafe su da allurai. Aka ajiye shi a inuwa inda iska ke wucewa, aka zagaye katakon da toka saboda kiyashi. Ƙoƙon kan aka dafa shi sama-sama aka tsabtace, domin masana da haƙori suke rarrabe dabbobin da gashinsu ya yi kama.

Wannan fatar ta tsoho ce, ya kuma ƙi bari a kai ta lakkol. Ya ce sai wadda hannun abokinsa ya fitar. Yaron ya ɓata uku a cikin makonni biyar, ɗaya a wutsiya, ɗaya a ido, ɗaya kuma don ya yi ragwancin kankare kitse. Ta huɗu ta fita, ko da yake ɗinkin wuya sai da tsohon ya karɓi allura.

Ranar da ya kai ta aji, Mushe ya ɗaga ta sama kowa ya gani, da farin layin nan na gefen haƙarƙari da wutsiya bazar-bazar. Masu ba'a suka yi tsit, gani ya kori ji. Sai Mushe ya tambaye shi a gaban kowa: wa ya koya maka? Yaron ya dubi fuskokin ƴan ajinsu, ya ce: «A littafi na gani, Mushe.»

Mushe bai ce kome ba. Ya juya fatar, ya raba gashin wuya da farce, ya daɗe yana duban ɗinkin. Sa'an nan ya ajiye ta bisa tebur, ya ce yau zai ba su wani tarihi da ba ya cikin manhaja.

Ya ce a ƙarshen 1919 wani Bature ɗan Sikotland, Kyaftin Angus Buchanan, ya sauka Kano. Wanda ya aiko shi shi ne Lord Walter Rothschild, attajirin Ingila da ya gina gidan tarihin dabbobi a garin Tring. A 1920 Buchanan ya taso da raƙuma ya yada zango a Damagaram, wadda a lokacin ita ce mazaunin mulkin Faransawa na ƙasar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Daga nan ya bi ta Damargu da Agadas har duwatsun Bagzan na Abzin, yana harbi yana ɗana tarko, ana feɗe tsuntsaye da ƙananan dabbobi ana cusa su ana ɗaura wa kowace ƴar takarda a ƙafa. Da fatun suka isa Ingila, masana biyu na gidan tarihin London, Oldfield Thomas da Martin Hinton, suka duba su. Wani ɗan mitsitsin ɓera da aka kama a Fanisau kusa da Kano, shi ne har yau littattafan duniya ke kira Mus haussa. Wata kyanwar daji da aka samo a nan Damagaram suka raɗa mata Felis haussa a 1921, ko da yake daga baya masana sun mayar da ita cikin dangin kyanwar dajin Afirka, wadda daga gare ta kyanwar gida ta fito. A 1932 Rothschild ya sayar da mafi yawan fatun tsuntsayensa ga gidan tarihin New York a Amurka.

Mushe ya ce Buchanan bai yi wannan aiki shi kaɗai ba, akwai ƴan ƙasa da suka nuna masa ramu, suka ɗauki kaya, suka taya shi fiɗa. Amma a al'adar gidajen tarihi sunan mai tattarawa ne ke hawa takardar ƙafa. Da Baturen ya sake dawowa ya ƙetare Sahara daga Kano zuwa Tugurt ta Aljeriya tsakanin 1922 da 1923, littafin da ya rubuta a kan tafiyar ga raƙuminsa Farin Gashi ya sadaukar da shi. Kuma wannan ba sabon abu ba ne ga fatar ƙasar Hausa. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ayari ke ɗaukar jemammiyar fata da gashin jimina daga Damagaram zuwa Tarabulus, kuma jar fatar akuyar ƙasar Hausa da ta isa Turai sunan Maroko aka san ta da shi. «Saboda haka,» in ji Mushe, «a ajin nan ba za a ɗaura takardar da ba ta faɗi gaskiya ba. Fatar da ba ta da takarda tsumma ce, wadda takardarta ta yi ƙarya kuma ta fi tsumma sharri.»

Da aka tashi, ya tsayar da yaron a bakin ƙofa, ya ce da shi a hankali: «Littafin nan na karanta shi sau uku, babu wannan ɗinkin a ciki. Ka kai ni wurin mai shi.»

Mako na gaba Mushe ya kwashi ajin gaba ɗaya zuwa majema. Wasu suka toshe hanci da gefen riga. Mushe ya durƙusa gaban tsohon, ya ce: «Baba, mun zo ɗaukar karatu.» Tsohon ya feɗe musu zomo suna kallo, yana bayani, jikansa kuwa ya tsaya can bayan taro kamar baƙo. Sai wata yarinya mai kaifin baki ta nuna shi, ta ce: «Baba, ai wancan ya ce shi a littafi ya koya.» Wurin ya yi shiru. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi jikansa, dubawa guda, sa'an nan ya yi murmushi ya ce: «Gaskiya ya faɗa, ƴata. Ni ne littafin, bangon ne kawai ya tsufa.» Aka fashe da dariya. Yaron ya ratso taron ya zo ya tsuguna gefensa, ya riƙe masa ƙafar zomon, ya ce da murya wadda kowa ya ji: «Kaka, kawo in ƙarasa.»

A ranar Mushe ya fito da takardar ƙafar kuregen. An riga an rubuta wuri da kwanan wata da jinsi da awo huɗu, saura gurbin sunan wanda ya gyara fatar. Ya miƙa wa tsohon. Tsohon bai san boko ba, ya aika aka kawo alƙalamin kara da tawada, ya rubuta sunansa da ajami, yaron ya rubuta nasa a ƙarƙashi.

Mai karatu yana iya cewa, to, ina amfanin wannan duka ga mai rumfa a kasuwa ko mai zama a biro? Amfanin yana nan kusa. Abin da Bahaushe ke tarawa ya kira ɓera iri-iri ne, kuma ba halinsu ɗaya ba. Akwai na daji mai tone irin gero bayan an yi binne, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Akwai baƙin ɓeran da asalinsa ba na nan ba ne, wanda manyan motocin kaya ke yawo da shi daga mangaza zuwa mangaza. Akwai kuma ɓeran gida mai nonuwa da yawa, wanda aka tabbatar shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. Wanda bai san wane iri ne ke masa ɓarna ba, kuɗin maganinsa yana iya tafiya a banza, kuma ba a sanin iri sai an kama, an auna, an ajiye, an gwada da na wani wuri da na wani zamani. Wannan haɗarin ne kuma ya sa mai koyon fiɗar ɓera ba ya yin ta da hannu tsirara, ko kusa da abinci, ko a kan dabbar da aka tsinta matacciya.

Akwai kuma maganar abin da ke ƙarewa. Jiminar da gashinta ya arzuta fataken Damagaram ta ɓace daga dajin, har sai da aka kafa mata wurin kiwo cikin shinge a Kelle ta ƙasar Gure. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana taɓa dabbobi da dama, kuma a 2012 aka keɓe gandun Termit da Tin Tumma domin abin da ya rage. Wanda zai koyi wannan aiki ba shi da hujjar kashe abin da doka ta kare, ya tambayi ma'aikatan gandun daji kafin ya ɗana tarko, ya kuma tsaya ga abin da ya yi yawa har yana ɓarna. Amma ƙananan dabbobin da ba wanda ke ƙirgawa, su ma daji yana janye musu yayin da gonaki da gine-gine ke cin duwatsun da suke zaune. Ɗalibin Damagaram da yake son ya ga abin da ke yawo a bayan ganuwar garinsu shekara ɗari da suka wuce, sai ya nemi biza.

Tsohon ya rasu ƴan shekaru bayan haka, Allah ya jiƙansa. Daga cikin jikokinsa babu wanda ya gaji kwatarniyoyinsa, kuma fatu da yawa yanzu ɗanyu ake loda su zuwa Najeriya ba su ga bagaruwar garin ba. Yaron bai zama likita ba. Ya karanta aikin gona, ya shiga ma'aikatar da ke kare amfanin gona daga ƙwari da ɓeraye, kuma in damina ta kusa yakan zaga ƙauyukan Mirya da Tanut da tarkuna a bayan babur. Mahaifinsa ya daɗe bai ce uffan ba game da wannan zaɓi. Sai wata shekara da ɓeraye suka shiga mangazarsa suka huda masa bandir-bandir na shadda, ya aika a kira shi, ya nuna masa wanda tarko ya kama, ya ce: «To, malamin ɓeraye, wannan wane iri ne?» Ɗan ya juya shi da sanda, ya dubi wutsiya da kunne, ya faɗa masa, ya kuma nuna masa inda zai toshe. Uban ya gyaɗa kai, ya sa aka kawo masa shayi.

Kuregen yana nan. Da Mushe zai bar garin ya mayar wa mai shi, ya ce a hannunsa zai fi samun kulawa. Yana cikin akwatin ƙarfe tare da wasu fatu da suka biyo bayansa, da ƙwayoyin kafur da ake sabuntawa kowace shekara kafin damina. Gashin ya ɗan dushe, amma ɗinkin wuya bai saki ba. Kwanan baya ɗansa, wanda ke zuwa makarantar allo da yamma, ya buɗe akwatin ya ɗaga takardar ƙafar. Boko bai fara zama a bakinsa ba tukuna, don haka layin sama kaɗai ya iya haɗawa, ya karanta sunan da ƙarfi, ya tambaya ko wane ne. Uban ya ce ya je ya wanke hannu ya dawo, zai faɗa masa.